Na Ci Jarrabawar Labarin Ƙasa, Ruwa Ya Ci Ɗakina

  

Ni malamar Islamiyya ce a garin Miga ta Jihar Jigawa. Abin da nake koyarwa bai wuce Alƙur'ani da Fiƙihu da ɗan Hadisi ba, da yamma ga yara, da daddare kuma ga matan aure. Saboda haka na san za ki yi mamaki idan kika ji cewa yau maganar Labarin Ƙasa na zo miki da ita, wato darasin nan da 'yan boko ke kira Jogurafi. Ki yi haƙuri ki biyo ni. Abin da ya sa na ɗauki biro, wata ɗalibata ce ta tsaya bayan mun tashi daga karatun dare, ta ce 'yarta ta shiga aji huɗu na sakandare, an ce ta zaɓi darussa, ita kuma yarinyar ta kafe sai Labarin Ƙasa. Ta ce, "Malama, don Allah ki yi mata magana, ke tana jin maganarki. Me 'ya mace za ta yi da sanin duwatsu da koguna? Ni kuma na ji an ce akwai abubuwan da suka saɓa wa addini a cikinsa." Na ce ta gyara zama. Abin da na faɗa mata a daren nan shi zan faɗa miki, har da wanda nauyin baki ya hana ni faɗa a gaban sauran mata.

Na yi sakandaren kwana daga 2003 zuwa 2009, na kuma ɗauki Labarin Ƙasa a manyan azuzuwa, ba don ina son sa ba, sai don 'yan gaba da mu sun ce ya fi Tarihi sauƙin ci. Mun fi mu sittin a aji. Taswirar duniya guda ɗaya ce a makarantar, tana rataye a ofishin malamai, sai wadda aka aika ɗauko alli ko wadda aka kira za a yi wa bulala ke ganin ta. Malaminmu mutumin kirki ne, ba zan ci naman sa ba, amma yadda aka koya masa haka ya koya mana: ya cika allo da Turanci, mu kwafa, ya goge, ya sake cikawa. Na haddace matakai uku na rayuwar kogi, ƙuruciya da tsaka-tsaki da tsufa, kamar yadda na haddace Ahalari. Na san cewa idan kogi ya tsufa tafiyarsa na yin sanyi, yana lanƙwasa kamar maciji, yana zubar da laka a gefe da gefe, wani lokaci ma ya yanke lanƙwasar ya wuce, ya bar tafki mai siffar ƙahon sa. Har zane nake yi mai kyau da jan biro da shuɗi. Abin da ban sani ba, kuma babu wanda ya taɓa buɗe baki ya gaya mana, shi ne tsohon kogin nan na cikin littafi shi ne wanda ya ratsa ƙasarmu, shimfiɗaɗɗen filin nan mai dogon sunan Turanci shi ne fadamar da kakata ke shuka shinkafa, tafkin mai ƙahon sa kuwa a cikinsa muka yi wanka muna yara har aka zane mu. Ni a zatona duk a Turai suke.

Ranar jarrabawar WAEC aka miƙa wa kowace yarinya takardar taswira a hannunta, kuma wallahi wasu daga cikinmu ranar suka fara taɓa irinta. Akwai waɗansu siraran layuka masu ruwan ƙasa da ke zagaye a jikinta, kowane layi yana bi ta wuraren da tsayinsu daga teku ya zo daidai. Inda layukan suka matsu da juna, gangare ne mai tsanani. Inda suka yi nesa da juna, fili ne shimfiɗaɗɗe. Akwai kuma ma'auni a ƙasan takardar: idan aka rubuta 1:50,000, to kowace santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa, sai ki ɗora zare a kan kogi ki bi lanƙwasarsa, ki miƙe zaren a kan rula ki yi lissafi. Na yi duk wannan, sakamako ya fito na samu kiredit. Babana ya sa mini albarka. Daga nan na tafi kwalejin ilimi na karanta addinin Musulunci, na naɗe Labarin Ƙasa na jefa ƙasan akwati tare da tsofaffin kayan makaranta.

Bari in gaya miki yadda ƙasarmu take, da Hausa, yadda na so a ce an gaya mini ina 'yar shekara sha biyar.

Ruwan da ke wucewa ta wajenmu ba namu ba ne, baƙo ne. Kogin Kano yana tasowa daga duwatsun kudancin Jihar Kano, Kogin Challawa kuma daga yamma, su haɗu kafin Wudil su zama kogi ɗaya, shi ne Kogin Haɗeja. A can sama ƙasa mai dutse ce, ruwa ba ya samun wurin nutsewa sosai, sai ya gangaro da gudu. Da ya wuce Wudil ya nufo Ringim sai ƙasa ta canja, ta zama yashi da laka, ta kuma shimfiɗe kamar faifai. Daga birnin Kano har Tafkin Chadi, tafiyar ɗaruruwan kilomita, gangaren duka bai wuce kimanin mita 200 ba. To ruwan da ya taho da gudu ya iske babu gangare, ina zai je? Sai ya yi sanyi, ya rarrabu rassa-rassa, ya bazu hagu da dama. Haka yake tafiya ta wajenmu da Auyo da Haɗeja, har ya shiga dausayin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su ƙarasa Tafkin Chadi. Tuddan yashin nan da tsofaffin garuruwanmu ke zaune a kai, waɗanda muke kira jigawa, har jiharmu ta ci sunansu da aka ƙirƙire ta a 1991, iska ce ta tara su dubban shekaru da suka wuce, lokacin da hamada ta taɓa gangarowa har nan. Tsakanin jigawa da jigawa kuwa fadama ce, kuma fadama ɗakin kwanan kogi ce. Ba ya kwana a ciki kullum, amma nasa ne.

Sai kuma hannun ɗan Adam ya shigo. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun kawo alheri mai yawa, noman rani da ruwan sha, wannan babu mai musu. Amma sun canja wa kogi ɗabi'a. A da, in ji tsofaffi, kogin kan ƙafe da rani har a taka yashinsa da ƙafa, rana ta ƙone duk ciyawar da ta tsiro a cikinsa. Yanzu da ake sakin ruwa har da rani, hanyoyin ruwa da yawa ba sa bushewa, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama. Kacala tana tare laka, laka tana cike cikin kogi, cikin kogi ya zama ba zurfi, ga tsuntsayen jan baki sun samu maɓoya suna faɗa wa gonakin shinkafa. Idan marka ta kankama a watan Agusta, madatsun suka cika suka batse, rarar ruwan dole ta bi ta mazubarta ko ana so ko ba a so, ta taho ta iske hanya a toshe. Shi ya sa za ki ga sama tas, taurari reras, an kwana uku ko ɗigo bai sauka a Miga ba, amma ruwa yana hawa. Ruwan da aka yi a can kwanaki da suka wuce ne ya iso. Haka muka gani a 2001 ina yarinya, haka a 2010 ina kwaleji, haka a 2020, haka kuma a 2022.

Yanzu ga inda nauyin bakin yake.

A ranin 2021 maigidana ya samu fuloti a bayan gari. A lokacin muna zaune a babban gida, ɗaki ɗaya da rumfa, ga yara uku, ga facaloli, kin dai san zaman. Ba zan ce ana zaluntata ba, amma na ƙosa in ga ƙofar da ni kaɗai ke da makullinta. Ya tara abin da ya tara, ni kuma na kwashi adashena na haɗa da kuɗin ɗankunnen gwal da na sayar. Wata Juma'a da la'asar ya ɗauke ni a babur ya kai ni in gani. 'Yar'uwa, ina sauka daga babur ɗin nan na gane. Ƙasar baƙa ce, ta daddare kamar diddigen mai faso. Ga ɓawon katantanwa warwatse ko'ina, a wurin da babu ko ɗigon ruwa a watan Maris. Ga itatuwan giyayya guda uku a gefe, kuma giyayya ba ta son tudu. A jikin kowace akwai wani zobe mai haske daidai ƙuguna, alamar inda ruwa ya taɓa tsayawa. Na waiga na hango tsohon gari a can bisa jigawa, na lura babu ko kufai ɗaya na mutanen da a inda muke tsaye. Duk darasin nan da na jefa ƙasan akwati ya taso ya tsaya mini a maƙogwaro. Har muryar kakata na ji, Allah Ya jiƙanta, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, tana cewa ruwa ba ya manta gidansa ko ya shekara ashirin bai leƙo ba.

Na ce, "Malam, anya wurin nan ba kwari ba ne?"

Ya ce, "Dillali ya ce an yi jinga ta can, ruwa ya daɗe bai zo nan ba. Kuma kin ga na tudu kuɗinsa ya ninka wannan sau uku. Ko ba ki so ne?"

Na ce, "A'a, ina so. Allah Ya sanya alheri."

Shi ke nan abin da na ce. Mijina ba mai taurin kai ba ne. Da na zaunar da shi a daren nan na zana masa a ƙasa yadda na zana wa masu jarrabawa a takarda, na tabbata da ya saurara. Ban yi ba. Na gaya wa kaina cewa kunya ce, cewa mace ba ta gardama da miji a gaban dillali. Ƙarya nake yi wa kaina. Son fita daga babban gida ne ya rufe mini baki, kuma ban yarda har cikin zuciyata cewa abin da na koya a aji yana aiki a wajen aji ba. Araha dai ba ta ado.

Muka gina ɗaki biyu da bulon ƙasa, aka shafe da siminti, muka tare a farkon 2022. Na yi jere na yi kwalliya, na shuka zogale da lalle a tsakar gida. A watan Satumba na shekarar, maza suka shiga kwana a kan jinga da buhunan ƙasa da fitilu. Wani dare, gab da kiran assalatu, na ji sanyi a tafin ƙafata. Ruwa ne ya shigo ta rariya, wato ta inda ya saba fita ta nan ya shigo, shiru, babu ko ƙara. Na goya ƙaramin, na kama hannun biyun, na ɗora jakar leda a ka mai Alƙur'anina da takardun makarantarmu. Kafin mu kai tudu ruwa ya kai mini gwiwa. Ginin ƙasa daga ƙasa yake shan ruwa, shafen siminti ba ya hana shi, a kwana na uku ɗakunan suka zauna. Mun yi makonni a wata firamare da ke kan tudu, iyali huɗu a aji ɗaya, an raba da zannuwa. A bangon ajin akwai taswirar Najeriya da aka zana da fenti, ga Kogin Neja ga Binuwai sun haɗu a Lakwaja, amma kogin da ya kore mu daga gidajenmu ko alamarsa babu. Kullum in na kwanta ita nake kallo.

Alhamdu lillahi, mu dukiya muka rasa. A shekarar nan mutum fiye da 600 ne suka rasu a ambaliya a faɗin Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Wata rana a cikin ajin nan maigidana ya dube ni ya ce, "Ke fa kin faɗa." Na ce, "Ban faɗa ba, Malam. Tambaya na yi, na kuma yi shiru."

Na san abin da wata za ta ce, domin an faɗa mini a wajen jaje ya fi a ƙirga: ƙaddara ce. Ƙwarai kuwa ƙaddara ce, kuma na yi imani da ita mai daɗi da marar daɗi, ita nake koya wa yara a rukunan imani. Amma ni ɗin nan nake karantar da ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wanda aka sanar da shi fari na tafe ya tanadi hatsin shekara bakwai. Ni nake ba da labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa bai shiga ba, ya kuma nuna wa masu tambaya cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Allah Ya ajiye mini alamu huɗu a fili, Ya riga Ya ba ni ilmin karanta su, na kau da kai. Ban ga yadda zan rataya wa ƙaddara wannan in wuce ba tare da istigfari ba.

To batun saɓa wa addini fa? Abu biyu aka fi kawowa: wai an ce duniya ƙwallo ce, kuma wai an ce ruwan sama tururi ne. Wannan magana ba ta wasa ba ce, domin duk mun ga inda ƙyamar ilmi da sunan addini ta kai jama'a a Borno da Yobe tun daga 2009. Abin da na ce wa ɗalibata shi ne, ba Bature ya fara kawo mana wannan ilmi ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tabbatar da cewa duniya a dunƙule take, ya kuma kafa hujja da nassi. Al-Biruni ya hau wani dutse a ƙasar da ake kira Pakistan a yau, ya auna yadda gefen sama ya sunkuya, ya lissafa girman duniya, lissafinsa ya zo kusa ƙwarai da na masanan yanzu. Kuma ya rubuta littafi sukutum a kan auna nisan garuruwa, babban burinsa a ciki shi ne gano alƙiblar birnin Gazna. Al-Idrisi ya kammala shahararriyar taswirarsa ta duniya a 1154, ya sa kudu a sama, arewa a ƙasa, saɓanin yadda muka saba gani. A nan gida kuma, da Baturen nan Kilafatan ya isa Sakkwato a 1824 yana neman sanin inda Kogin Kwara ya nufa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya zana masa a ƙasa, aka kuma ba shi taswira a takarda ya tafi da ita Ingila aka buga. Ɗan Shehu ke nan, ba ɗan mishan ba. Shi kuwa ruwan sama, ki ɗaga murfin tukunyarki ki ga ɗigon da ya taru a jikinsa. Allah ne ke saukar da ruwa, a lokacin da Ya so, a inda Ya so. Rana da teku da iska da girgije sababai ne da Ya halitta. Allah ne Mai ba da haihuwa, amma ban taɓa jin an ce ungozoma ta yi saɓo don ta san watannin ciki ba. A Suratul Gashiya ma ai an ja hankalinmu ne mu dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, kuma duban da ake nufi ba na wucewa ba ne.

Tun bayan ambaliyar nan na shiga tsarma Labarin Ƙasa a cikin darasin Fiƙihu, kuma na ga babu inda ya fi zama daram kamar babin alƙibla. Mu mata abin ya fi shafa, domin namiji yana da masallaci da mihirabi, ke kuwa a ɗaki kike salla, wani lokaci a gidan biki ko a asibiti. Mun saba cewa "gabas", har ta zama sunan alƙibla a bakinmu. Amma daga Miga Makka ba a gabas sak take ba, ta karkata wajen arewa da kimanin digiri 22, wato digiri 68 idan an fara ƙirga daga arewa. Ita kuma rana ba wuri ɗaya take fitowa ba duk shekara. A watan Yuni tana fitowa kusan daidai saitin alƙiblarmu. A Maris da Satumba tana fitowa gabas sak. A Disamba kuwa, tsakiyar hunturu, tana fitowa ta gabas maso kudu, wadda ta bi ta a lokacin ta kauce da fiye da digiri 40. Kada hankalinki ya tashi, malamai sun ce wanda yake nesa da Ka'aba fuskantar sashenta ya ishe shi, 'yar karkata kaɗan ba ta ɓata salla. Amma tun da akwai hanyar daidaitawa kyauta, me zai hana? Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci ki kafa sanda a miƙe a tsakar gida, ki tsaya a ƙarshen inuwarta ki fuskanci sandar, to kin fuskanci Ka'aba. Ki ja layi a ƙasa, ki sa alama a bango. Ranar da na fara yin wannan da matan aure, wata dattijuwa ta koma gida ta dawo tana salati, ta ce shekara goma sha tana ba arewa baya fiye da kima tun da aka canja mata ɗaki.

Haka nan lokacin shan ruwa. Duniya na juya digiri 1 a cikin minti 4, shi ya sa rana ke faɗuwa a Miga kimanin minti biyar kafin ta faɗi a Kano, tsakanin Maiduguri da Sakkwato kuwa akwai wajen rabin awa, alhali agogonmu ɗaya. Wadda ke Miga ta sha ruwa da kiran sallar rediyon Kano ba ta yi asara ba, ta ɗan jinkirta ne kawai. Amma 'yar'uwarta da ke aure a Kano, idan aka kira ta a waya daga gida aka ce an sha ruwa ta kai dabino baki, ta ci da rana. Yara na jin wannan sai ka ga ido ya buɗe. Wata 'yar aji uku ta taɓa tambayata, ta ce littafinsu ya ce iskar da ke kawo damina daga kudu maso yamma take zuwa, daga Tekun Atilantika, amma ita kullum daga gabas take ganin hadari na tasowa, wa ya yi ƙarya, littafi ko idonta? Na ji daɗin tambayar nan har raina. Babu wanda ya yi ƙarya. Iskar ƙasa-ƙasa ce ke kawo laima daga teku, can sama kuma akwai wata iskar mai ƙarfi da ke tura hadarin daga gabas zuwa yamma. Ƙurar hunturu ma da ke sa mu tari tana da gida, mafi yawanta daga wani busasshen kwari take tasowa a arewacin Chadi, wanda a da can tafki ne.

Ban ce kowace yarinya sai ta zama masaniyar ƙasa ba. Amma wadda ke so, hanya a buɗe take: akwai sashen wannan ilmi a Jami'ar Bayero ta Kano, akwai a Jami'ar Sule Lamido da ke nan kusa da mu a Kafin Hausa, kuma daga cikinsa ake samun masu tsara birane da masu hasashen yanayi da masu kula da albarkatun ruwa da malaman makaranta. Duk shekara kafin damina hukumar NiMet na fitar da hasashen ruwan sama, hukumar NIHSA kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. A rubuce suke fitowa, da taswirori masu launi-launi. Wa zai karanta wa matar da ke cikin kulle a ƙauyen bakin kogi, wadda ita ce za ta goya yaro ta kama hannun biyu cikin dare? Namiji ba zai shiga ɗakinta ya zauna ya yi mata bayani ba. 'Yarta ce za ta yi, in an bar ta ta koya.

Roƙona gare ki kaɗan ne. Idan 'yarki ta dawo hutu, kada ki tsaya a kan "na nawa kika zo?" Ki ce ta gaya miki darasi ɗaya da Hausa, ta kuma nuna miki shi a garinku. In ta kasa, ba laifinta ba ne, amma kin gane haddar aku ake yi. Ki cika faranti da yashi, ki karkata shi, ki ba ta buta ta tsiyaya ruwa a hankali, ku ga yadda yake yanka hanya a sama ya baje a ƙasa. In da hali ki saya mata littafin taswirori ko na hannu ne, kuɗinsa bai kai na turmin atamfa ba. Ki haɗa ta da tsohuwar gidanku ta tambaye ta ina ruwa ya tsaya a shekarar kaza, wace unguwa ce ba ta taɓa nutsewa ba. Malaman sakandare kuma, don girman Allah, ko sau ɗaya a zango ku nemi izini ku fita da yaran nan bakin fadama. Ba a bukatar mota, da ƙafa ma an isa.

Ɗalibar tawa ta saurare ni har na gama, ta yi shiru, sannan ta ce ita dai ta ji, amma sai abin da baban yarinyar ya ce, kuma ranar Litinin za a mayar da takardar zaɓen. Na ce ta gaya masa yadda na gaya mata, har da zancen fulotin, ban ɓoye ba.

Fulotin yana nan, ba mu sayar ba, domin maigidana ya ce ba zai yi wa wani abin da dillali ya yi masa ba. Mun koma babban gida, ɗaki ɗaya da rumfa, muna tara kuɗin na tudu a hankali. Shi kuwa wancan, an baje ɓaraguzan ginin, shekara biyu ke nan yana shuka shinkafa a ciki, kuma tana yin kyau ƙwarai. Na ce wa yarinyar ta zo ranar Juma'a da la'asar da littafinta da biro, in uwarta ta yarda, mu je tare da yarana in nuna mata giyayyun nan uku. Yanzu zobe biyu ne a jikinsu, na 2022 ya fi na da tsawo da kusan taƙi ɗaya.